Tambaya da Amsa: Gasar Tanis ta Yara 'Yan Shekara 10 zuwa Ƙasa

Wasiƙun wannan makon duk a kan tanis na yara suke: ƙwallon da ya dace da su, girman fili, raket, da yadda ake ƙirga maki. Ga amsoshin masu horarwa na wannan shafi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata firamare a Kaduna. Ina so in shirya wa ɗalibaina 'yan shekara 7 zuwa 10 gasa, amma ƙwallayen da muke da su na manya ne, masu ruwan ɗorawa. Wani ya ce in huda su da allura su yi laushi. Hakan zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zai yi ba. Tun daga 2012 Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, ta hana buga gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa da ƙwallon manya. Dalilin yana ga tsalle da nauyi. Ƙwallon manya idan aka sake shi daga tsayin santimita 254, yakan taso santimita 135 zuwa 147. Yaro ɗan shekara 7 bai cika wuce santimita 120 da 'yan kai ba, ka ga ke nan ƙwallon sama da kansa yake zuwa masa. Abu biyu yake yi don ya tsira: ko ya ja da baya can nesa da layi yana ɗaga ƙwallon sama, ko ya murɗa hannunsa ƙarƙashin mariƙin raket don ya kai gare shi. Wannan riƙon idan ya zauna a hannu, raba yaro da shi yana cin shekaru, kuma ƙwallon da ya zo ƙasa-ƙasa zai riƙa gagararsa.

Ƙwallayen yara iri uku ne. Ja shi ne na farawa, na 'yan shekara 5 zuwa 8. Ya fi na manya girma, gudunsa ya yi ƙasa da kusan kashi 75 cikin 100, tsallensa kuma bai wuce santimita 105 ba. Mai ruwan lemo na 'yan 8 zuwa 10 ne, rabin gudun na manya, tsalle 105 zuwa 120. Kore na 'yan 9 da 10 ne waɗanda hannunsu ya faɗa, ya rage gudu da kashi 25, tsalle 120 zuwa 135.

Huda da allura tana rage tsalle, amma nauyi yana nan, giram 56 zuwa 59 da ɗoriya, alhali mai ruwan lemo bai kai giram 47 ba. Sai yaro ya tashi da ƙwallo mai nauyi wanda ba ya tashi, ya riƙa dukansa da ƙarfin tsiya, wuyan hannu da gwiwar hannu su ɗauki wahalar. Kuma ƙwallaye biyu da aka huda ba sa tsalle daidai, to a gasa an zalunci wani ke nan. Idan za ka sayi ja, akwai na soso akwai mai gashi. A filin waje ɗauki mai gashi, domin iskar hunturu tana kwashe na soso, siminti kuma yana cinye shi da wuri.

Tambaya: Kulob ɗinmu a Zariya fili ɗaya gare shi na manya, sai filin badminton a ɗakin taro. Dole ne sai mun gina na yara?

Amsa: Ba sai kun gina komai ba. Filin ja, wato na masu ƙwallon ja, tsawonsa mita 10.97 zuwa 12.80 ne, faɗi 4.27 zuwa 6.10, raga kuma santimita 80 zuwa 83.8 a tsakiya. Faɗin filin manya daga layin gefe na waje zuwa ɗan'uwansa mita 10.97 ne cif, daga layin sabis (iyakar inda bugun fara wasa, wato sabis, zai sauka) zuwa layin baya kuma 5.49. Saboda haka a gicciye ake shimfiɗa shi: layukan gefe su zama layin bayan yara, layin sabis da layin baya su zama gefunansu. Kun sami filaye biyu, ɗaya a kowane ɓangaren raga, ba ku ja ko layi ɗaya na waje ba. Abin da ya rage shi ne akwatunan sabis, sai a zana su da alli. In babu ƙaramar raga, igiya tsakanin kujeru biyu ta wadatar, a rataya mata tsummoki masu launi don yara su gane ko ƙwallo ta sama ya bi ko ta ƙasa. A auna tsakiyar igiyar da tef, don a tsakiyar take lotsawa.

Filin badminton faɗinsa 6.10 ne, daidai iyakar doka. Tsawonsa na 13.40 ya yi yawa, sai a ɗauki layin ciki na baya, wanda ke ba da mita 11.88, a sauke ragar.

Na ruwan lemo a tsaye yake cikin filin manya. A matso da layin baya mita 2.74 a kowane ɓangare, tsawo ya koma 18.29, a matso da layukan gefe na ciki kamar santimita 90 kowanne. Layin sabis yana nan inda yake. Kore kuwa cikakken fili ne, mita 23.77 da 8.23. Kada a yi layin wucin gadi da igiya ko katako, yara suna tuntuɓe da su. Alli ko tef mai mannewa ya fi.

Tambaya: 'Yata shekararta 6. Babanta yana da raket da ya daina amfani da shi, muna tunanin a kai wa kafinta ya rage mariƙin.

Amsa: Hajiya, a bar wa babanta kayansa. Raket ɗin manya inci 27 ne, kuma an daidaita nauyin kansa da na mariƙinsa. Da an yanke mariƙi sai nauyin ya koma kai, ya riƙa rinjayar hannun yarinya kamar an ba ta taɓaryar gidan biki. Kaurin mariƙin ma bai ragu ba, yatsunta ba za su zagaye shi ba. Na masu ƙwallon ja inci 17 zuwa 23 ne, ruwan lemo 23 zuwa 25, kore 25 zuwa 26. A shago, ta miƙe tsaye ta riƙe raket ta sake hannunta a gefe. In kansa ya ɗan taɓa ƙasa ko ya kusa, ya yi. In sai ta lanƙwasa gwiwar hannu, ya yi tsawo. Kada a sayi babba wai don ta girma da shi.

Tambaya: Yara 16 muka tara bara, muka yi sili-ɗaya-ƙwale da ƙirgar manya. Rabinsu suka tafi gida da kuka bayan wasa ɗaya, ƙirgar kuma ta rikice. Ina mafita?

Amsa: Lissafin ne ya ba da haka: a sili-ɗaya-ƙwale yara 8 cikin 16 wasa ɗaya za su buga, 4 su buga biyu, waɗanda suka fi buƙatar wasa su ne suka fi ƙarancin samunsa. Raba su rukuni huɗu na yara huɗu-huɗu, kowa ya kara da kowa. Wasa shida ne a rukuni, kowane yaro ya buga uku. Bayan haka na ɗayan kowane rukuni su haɗu, na biyu su haɗu, har na huɗu, kowa ya ƙara samun abokan karawa daidai ƙarfinsa.

Ƙirgar 15, 30, 40 ba ta dace da masu ƙwallon ja ba, kuma dokar ITF ta yarda da gajerun hanyoyi. Mafi sauƙi shi ne ƙirgar raba-gardama: 1, 2, 3 har zuwa 7, da ratar maki biyu. Na farko ya yi sabis sau ɗaya, daga nan kowa bibbiyu, a sauya gefe bayan kowane maki shida. Wasa ɗaya yakan ci kamar minti goma, don haka rukuni yana gamawa a fili ɗaya cikin awa guda da 'yan mintuna. Masu ruwan lemo a ba su raba-gardama uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, ko gajeren set, wato zagayen wasa zuwa gem 4 (gem shi ne abin da ake ci da ƙirgar 15, 30, 40). Masu kore su buga gajerun set. In an kai 40-40 ana iya buga maki ɗaya tak na yanke hukunci, mai karɓa ya zaɓi gefen da za a yi masa sabis. Doka ta kuma ba masu shirya gasa damar yanka lokaci, a busa usur, wanda ke gaba ya ci.

Kowane filin ja yana buƙatar babba ɗaya ko ɗan wasan da ya girme su mai taya ƙirga, wanda ɗansa ba ya cikin masu bugawa. A jera marafan kwalba bakwai a gefen kowane yaro, ya ci maki ya tura ɗaya. Sabis ta ƙasa halas ne a doka muddin an bugi ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa, don haka kada a tilasta wa ɗan shekara 6 sabis ta sama ya yi ta zubar da maki. A watannin zafi a buga da sassafe ko bayan la'asar, kuma a sha ruwa duk lokacin sauya gefe.

Tambaya: Ɗana yana da shekara 8, yana cinye kowa a ƙwallon ja. Me zai hana ya tsallaka zuwa kore?

Amsa: Alhaji, cin wasa kaɗai ba ya nuna an shirya. A filin ja yaro mai tsayi ko mai ƙarfi yana cin tsaransa ko da riƙonsa bai daidaita ba. A duba ko yana iya musayar bugu 15 zuwa 20 da tsaransa ba tare da kuskure ba, yana aika ƙwallo gefen da ya nufa da gaban hannu da bayan hannu, yana sabis ta sama yana shiga akwati akasarin lokaci, yana matsowa raga, yana ƙirga makinsa da kansa. In duk sun samu, ruwan lemo ne mataki na gaba. Daga filin mita 11 zuwa na kusan 24 ƙafarsa ba za ta rufe ba, zai koma ɗaga ƙwallo sama daga bayan layi. A makonnin farko a riƙa haɗa masa biyun, atisaye da ruwan lemo, gasa da ja, har sai musayarsa a sabon filin ta kai tsawon ta da.