Kasuwa a rufe, farashi na tafiya: amsoshi kan hutu da lokutan ciniki a kasuwannin hannun jari

Tambaya: Malam, ina son sayen hannun jarin wani kamfani da ke kasuwar Amurka, kuɗin ma suna hannu, sai dai hutu na tafe. In saya kafin a rufe ko in jira a dawo? Wani abokina ya ce in sa odar tsayar da asara, ko me ya faru ba zan ji jiki ba. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da maganar abokin naka, don nan haɗarin yake. Odar tsayar da asara umarni ne kake bar wa dillali cewa idan farashi ya sauko zuwa kaza, ya sayar. Ba ta aiki sai kasuwa na ci. Alal misali ka saya a kan dala 100, ka ce a sayar in ya taɓa 95. Aka tafi hutu, labari marar daɗi ya fito, ranar da aka dawo ciniki na farko ya faɗa a kan 88. Farashin bai bi ta kan 95 ba, tsallake shi ya yi, don haka kusa da 88 ɗin za a sayar maka.

Wannan ba hasashe ba ne. Kasuwar Shanghai ta tafi hutun sabuwar shekarar Sin a ƙarshen Janairun 2020, annobar korona ta bazu tana rufe, da aka buɗe ranar 3 ga Fabrairu ma'aunin kasuwar ya zube da kusan kashi 8 cikin ɗari a yini guda. A ranar Asabar 14 ga Satumban 2019 aka kai hari kan cibiyar sarrafa ɗanyen mai ta Abƙaiƙ a Saudiyya; ana buɗe ciniki farashin ɗanyen mai na Brent ya yi tsallen kusan kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya yi cinikin da ya dogara kan faɗuwar mai kafin wannan Asabar ba shi da ƙofar fita, yana ji yana gani.

To, ka saya ko ka jira? Ya danganta da irin kuɗin. Idan naka ne halak malak, kuma ka yi niyyar riƙe hannun jarin shekara biyar ko goma, hutun kwana uku bai kai abin da zai sauya maka shawara ba. Ka saya ranar da ka shirya, ko ka raba kuɗin biyu, rabi kafin hutu rabi bayansa, in hakan zai kwantar maka da hankali. Amma idan da kuɗin aro na dillali kake ciniki, ko kuwa 'yan kwanaki kawai kake son riƙewa ka ci riba, shawarata ita ce kada ka shiga dogon hutu da kaya mai nauyi. Ka rage, ko ka jira. Na fi jin tausayin masu kuɗin aro a nan, domin tsalle guda kan cinye abin da mutum ya ajiye jingina, dillali ya sayar da kayansa tun bai farka daga barci ba.

Ranar da aka dawo kuma kada ka yi gaggawa. Mintunan farko bayan buɗewa su ne mafi rikici, domin duk odojin da suka taru a lokacin hutu a nan suke karo da juna. Ka bari ƙura ta lafa, sannan ka sa oda mai ƙayyadadden farashi, wadda ba za a saya maka sama da abin da ka faɗa ba.

Tambaya: Na saba da lokacin da kasuwar Niyok ke buɗewa a manhajata, kwatsam a watan Maris na ga ta buɗe awa guda kafin lokacin. Wata ranar Litinin kuma na sa oda ta kwana ba ta shiga ba, alhali ba na jin ana wani hutu. Manhajar ce ta lalace, in sauya wata?

Amsa: 'Yar'uwa, ki bar manhajarki, lafiyarta ƙalau. Manyan kasuwannin hannun jari na Niyok, wato NYSE da Nasdaq, suna ci ne daga 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma agogon Niyok, Litinin zuwa Juma'a, kuma lokacin buɗewar ba ya canzawa. Agogon ne ke canzawa. Amurka na tura agogonta gaba da awa guda daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba. Saboda haka buɗewar da ke faɗawa kan 2:30 na rana agogon GMT a lokacin sanyi, sai ta koma 1:30 a sauran watannin. Landan, wadda ke ci daga 8:00 zuwa 4:30, ita ma tana sauya agogo, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, shi ya sa akan sami 'yan makonni da tazarar biranen biyu ke raguwa daga awa 5 zuwa 4. Japan da Sin da Indiya da Saudiyya ba sa taɓa agogonsu.

Litinin ɗin kuwa, hutunsu ne ba naki ba. Kasuwannin Amurka na da ranakun hutu 10 a shekara, huɗu daga ciki kullum Litinin suke faɗawa: ta uku a Janairu, ta uku a Fabrairu, ta ƙarshe a Mayu, da ta farko a Satumba. Sauran su ne sabuwar shekara, Juma'ar da ke gaban Ista, 19 ga Yuni wadda aka ƙara a 2022, 4 ga Yuli, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, da Kirsimeti. Washegarin wannan Alhamis ɗin ƙarfe 1:00 na rana ake tashi. Akan kuma rufe ba zato: guguwar Sandy ta rufe kasuwar kwana biyu a Oktoban 2012, an kuma rufe ranar 9 ga Janairun 2025 don makokin tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter.

Kowace kasuwa da nata tsarin. Tokiyo na tafiya hutun rana daga 11:30 zuwa 12:30, ta tashi 3:30, kuma a rufe take daga 31 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu. Kasuwar Saudiyya Lahadi zuwa Alhamis take ci, tana kuma rufewa kwanaki da dama a ƙaramar Sallah da babba. Kowacce tana wallafa jerin ranakun hutunta a shafinta tun kafin shekara ta kama. Ki ɗauko daga can, ki saka a kalandar wayarki.

Tambaya: Ina cinikin zinare da ɗanyen mai. Na ga tallan wani dillali da ke cewa a wurinsa ana ciniki dare da rana, har Asabar da Lahadi. In koma wurinsa?

Amsa: Alhaji, kafin ka motsa ka tambaye shi abu guda: a wace kasuwa ake cinikin na Asabar? Kwantiragin zinare da na man Amurka, wato yarjejeniyar saye ko sayarwa a wata rana mai zuwa, suna ci ne a dandalin CME, kamfanin kasuwar kayayyaki da ke Shikago, daga 6:00 na yammacin Lahadi zuwa 5:00 na yammacin Juma'a agogon Niyok, da hutun awa guda kowace rana. Awa 23 kenan a yini, wanda ya ishi kowane ɗan kasuwa. Daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Lahadi a rufe take. Don haka farashin zinaren da aka nuna maka ranar Asabar ba daga wannan kasuwa ya fito ba, galibi dillalin ne ya yanka shi, kuma da shi kansa kake ciniki. Tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa takan yi faɗi a irin wannan lokaci, kuma daga aljihunka take fita.

Ko a cikin awa 23 ɗin ma ba duka ɗaya ba ne. An fi samun masu saye da sayarwa lokacin da Landan da Niyok ke buɗe tare. A ranakun hutun Amurka dandalin kan tashi da wuri, cinikin kuma ya yi ƙaranci. Kada kuma ka auna kayan gona da wannan ma'auni: alkama da masara da waken suya a Shikago suna tashi tun 1:20 na rana agogon can.

Ni ba zan sauya dillali don cinikin Asabar ba. Abin da zan duba shi ne hukumar da ke sa ido a kansa, kuɗin da yake cira idan kaya ya kwana a hannunka, da kuma ko yana sanar da kai ranar ƙarewar kwantiragi da wuri, domin hutu kan matso da wannan rana kusa.

Tambaya: Ina bukatar kuɗi ranar wata hidima. In na sayar da hannun jarina ana saura kwana biyu, za su iso?

Amsa: Ƙanwata, ba a fafe gora ranar tafiya. Sayarwa daban, kuɗi su zama naki daban. A Amurka, tun 28 ga Mayun 2024, ana kammala biya ne ranar aiki guda bayan ciniki. Haka ma Indiya. A Landan da kasuwannin Tarayyar Turai ranakun aiki biyu ne, sun tsayar da Oktoban 2027 don komawa guda. Ranakun hutu da ƙarshen mako ba sa cikin lissafi. Idan kika sayar a Landan ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista, Juma'a da Litinin hutu ne, kuɗin ba za su kammala ba sai Laraba. Bayan haka ne dillali zai tura wa banki, shi ma bankin yana da nasa ranakun hutun, balle in akwai canjin kuɗi a tsakani. Ki sayar ana saura aƙalla mako biyu, in akwai hutu a tsakiya ki ƙara 'yan kwanaki a kai.