Mai Kunna Fitilar Titi

Amaryata, saƙonki ya iso, har da hoton mutumin nan mai baƙar alkyabba da doguwar sanda da kika ɗauka a birnin Wroclaw na ƙasar Poland. Wai ko a zamaninmu ma haka ake kunna fitilun titi? Na yi dariya har da tari. Ashe kin ɗauke ni sa'an Sarkin Faransa Louis na 14, wanda a 1667 ya sa aka rataya fitilun kyandir a titunan Paris. Amma tukuna, me ya kai ki waje da magariba a ƙasar mutane?

Mu dai fitilar ƙwai muka sani, sai aci-balbal a teburin mai shayi. Ni ne mai goge ƙwai a gidanmu. La'asar sakaliya Inna za ta miƙo mini tsumma da toka, in datse lagwani, in zuba kananzir. In na tsaya wasa sai ta ce mai zurfin ido da wuri yake fara kuka.

Irin mutumin naki sau ɗaya na gani, a Landan, lokacin da aka tura mu kwas. Da hunturu ne, ƙarfe huɗu duhu ya fara. A gefen St James's Park na tarar da wani dattijo ya jingina tsani a ɗan ƙarfen da ke gicciye a wuyan fitila, wanda da ma don tsanin aka yi shi. Ya buɗe gilashin, ya huro masa numfashi, ya goge, daidai yadda Inna ta koya mini. Sannan ya ɗaura wani ɗan agogo da ke ciki, wanda shi ke buɗe gas in lokaci ya yi. Na tsaya har yatsuna suka ƙage. Da ya sauko ya ce mini tun 1807 aka fara kunna fitilar gas a titin Pall Mall, nan kusa, kuma magabatansa da sanda suke bi ɗaya bayan ɗaya, da asuba su dawo su kashe. Har yau akwai fiye da dubu a birnin, mutane ƙalilan ke kula da su.

Ku kuwa ko ƙwan lantarkin zaure ya mutu, sai ya yi wata ba wanda ya ɗaga kai, kowa ya haska wayarsa ya wuce. In kin sake ganin mai alkyabbar, ki gaishe shi kafin ki ɗauke shi hoto. Kuma ki riƙa saka rigar sanyi.