Ƙwallon makaranta ko na akadami?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 15 ne, yana buga wa makarantarsu ƙwallo. Wata akadami, wato makarantar horar da 'yan ƙwallo, ta nemi ya koma wurinta. Wanne ya fi? Daga wani uba a Gwale.

Amsa: Malam, in yaron da gaske yake, akadami ta fi koyar da ƙwallo: atisaye sau huɗu ko biyar a mako, ga wasanni duk shekara. Ƙungiyar makaranta sai gasa ta matso ake tara ta. Ahmed Musa ma ta akadamin GBS ta Jos ya biyo kafin Kano Pillars.

Amma ka je da ƙafarka ka ga takardar rajistarsu da hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano. Ka tambayi wanda zai biya magani in yaro ya karye. Atisaye ya zama bayan la'asar, kada ya ci lokacin aji, ga jarrabawar WAEC na tafe. Kada ya haɗa ƙungiyoyin biyu. Rashin hutu na iya jawo rauni a gwiwa.

Wanda ya nemi kuɗin kai shi Turai yanzu, ka guje shi. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin shekara 18, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa.