Amsa kan rufin antirefle: na tabarau da na kamarar zafi

Assalamu alaikum ƴan gurup, barkanmu da yamma. Malam, na saurari muryarka. Tambaya biyu ka yi: me ya sa antirefle na tabaranka, wato siririn rufin nan mai rage komowar haske, ya yi tsaga-tsaga kamar bakin tabki da rani, kuma ko za a iya yanko gilashi mai antirefle a toshe idon kamarar zafi, wato mai ganin ɗumin abubuwa, da ya fashe. To bari mu bi ta tushe.

Gilashi ko wane iri ne, in haske ya buge shi, wani kashi baya yake komowa. Mai andis 1,5 (andis shi ne ma'aunin yadda abu ke lanƙwasa haske) yana mayar da kashi 4 cikin 100 a fuskar gaba, 4 a ta baya, 8 ke nan. Siririn nan mai andis 1,67 da ake ba masu babbar lamba ya fi ɓarna, wajen kashi 12, shi ya sa shi kam in ba rufi, da dare fitilun mota biyu-biyu za ka riƙa gani.

Dabarar rufin, kauri ne. Ana shimfiɗa shi daidai rubu'in tsawon zangon hasken a cikin sinadarin rufin. Hasken da ya komo daga saman rufin da wanda ya komo daga ƙasansa sai su yi karo a saɓe, su kashe juna. Wani mai suna Smakula ya fito da ita a kamfanin Zeiss, a Jamus, 1935. Misali magnesiyam fulorid, andis ɗinsa 1,38: in kana nufin koren haske, mai tsawon zango nanomita 550 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita guda), sai ka raba 550 da 4, ka sake rabawa da 1,38, ya ba ka wajen nanomita 100. Silin gashi guda ka tsaga shi gida 700, to ɗaya ke nan. Wanga shimfiɗa ɗaya tana sauko da kashi 4 zuwa wajen 1,4. Na tabaran yanzu hawa-hawa ne, silika da zirkoniya ko titaniya ana jera su, har a sauko ƙasa da kashi 1. Ɗan koren da kake gani in ka karkata tabarau, ragowar ce.

Tsagewar kuwa zafi ne, Malam. Gilashin tabarau yawanci roba ce, rufin kuma kamar tangaran yake. In sun ɗau zafi robar ta buɗe, rufin bai iya bin ta, sai ya dare. Ka aje tabarau gaban mota a tashar Tahoua cikin Afrilu, tagogi rufe, wajen yana haura digiri 70, an gama. Ruwan zafi ma haka, tururin tukunya ma haka. Kuma ba ya gyaruwa, don cikin injin da aka zuƙe iskarsa kaf ake turara shi. Wanda ya ce zai fesa maka sabo a shago, kuɗinka yake so. Sai dai canjin gilashi.

Abu na biyu mai cinye shi, ƙurar hunturu. Cikinta akwai yashi, ya fi rufin ƙarfi. Ka huro tabarau da baki, ka kama bakin riga ko jelar rawani ka murza, to sanfefa ka yi masa. A fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, ɗigon sabulun wanke kwanoni, sannan ƙyallensa mai laushi. Masu fanon sola ku ma ku ji, gilashin fano da yawa yana da nasa siririn rufi, kar a share shi a bushe da tsintsiya.

Yanzu kamarar zafi. A'a, kar a soma. Ita tana gani ne da haske mai tsawon zango mikron 8 zuwa 14 (mikron ɗaya nanomita 1000 ne), gilashi kuwa a wurin bango ne, ko ɗigo bai wucewa. Jamaniyam ake sa mata, baƙi mai ƙyalli kamar ƙarfe. Andis ɗinsa 4 ne, kowace fuska tana mayar da kashi 36, in tsirara yake bai wuce kashi 47 ke ratsawa ba. Lissafin dai shi ne na ɗazu, kaurin ne ya canza: zinki salfaid mai andis 2,2, a mikron 10, kaurinsa ya zarce mikron 1 kaɗan, ninki 11 na magnesiyam fulorid ɗin ɗazu. Fuskar waje sukan sa mata kabon mai taurin gaske, DLC, saboda yashi, don haka in za ka yi oda ka nemi mai shi, ka auna faɗi da kauri daidai.

Kar kuma a haɗa ta da kamarar gadi mai jan fitilu. Waccan nanomita 850 take amfani da shi, gilashi na wuce shi lafiya lau. Amma rufin da aka yanka wa nanomita 400 zuwa 700, hasken da ido ke gani, bai aiki sosai a can. In hoton dare ya yi fari kamar hazo, kafin ka zargi rufi duba robar nan da ke zagaye da idon, ta manne da gilashin? In ta saki, hasken fitilun ne ke komowa ciki. Turo hoton idon da ya fashe da lambar kamarar, mu ga girmansa.