Mantuwa da rashin walwala ga mai ciwon gazawar zuciya

Kin tambaya ko tsufa ne ya sa Baba yake mantuwa, ya kuma daina hira, tun da aka ce zuciyarsa ta gaza. Allah ya ba shi lafiya. Sau da yawa ciwon ne da kansa. Ƙwaƙwalwa na karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, don haka idan zuciya ta yi rauni, natsuwa da tuna abin da aka faɗa ɗazu su ne ke fara raguwa.

Amma a fara duba abin da ake iya gyarawa. Magungunan sa fitsari irin su furosemide kan rage sinadarin sodiyam a jini, idan awonsa a gwajin jini ya sauka ƙasa da 135 sosai sai ruɗewa ta biyo. Maganin zuciya na digoxin kuma idan ya taru a jiki, musamman in ƙoda ta yi rauni, yana kawo ruɗewa, tashin zuciya, da ganin abubuwa rawaya-rawaya. Ku nemi gwajin sodiyam, ƙoda da ƙarancin jini, a duba bugun zuciya ko yana tafiya daidai, domin bugun da ya birkice kan jefa gudajin jini zuwa ƙwaƙwalwa.

Ciwon damuwa kan kama kusan mutum 1 cikin 5 na masu wannan ciwo, kuma yana da magani. Amma kada a saya masa maganin damuwa na amitriptyline a kemis, yana dagula bugun zuciya.

A gida, mutum ɗaya ya riƙe maganinsa, a auna nauyinsa kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, ko ruɗewar farat ɗaya, ko karkacewar baki, a kai shi asibiti nan take.