Dabarar "duba na kusa" ce ke kayar da ɗalibai a tambayoyin concord

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Gwale, bana ne karo na biyu da zan zauna JAMB, bara Turanci ne ya ja ni ƙasa. Malamin da ke mana darasin yamma ya ba mu dabara a kan concord, wato daidaita aikatau (verb) da aikau (subject), ya ce mu duba sunan da ke dab da gurbin da aka bari, in tilo ne mu zaɓi is, in jam'i ne mu zaɓi are. Na haddace ta tsaf. Amma da muka yi gwaji a kwamfuta, yawancin tambayoyin nan na faɗi. Na nuna masa, ya ce na'urar ce ke da matsala. Babana ya biya kuɗi har sau biyu, wallahi kunyar haɗa ido da shi nake ji. Kaina ne ba ya ja ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kanki lafiya lau, ita ma na'urar ba ta yi miki ƙarya ba. Dabarar ce gurguwa, kuma ba ke kaɗai aka ɗora wa ita ba. Kusan kullum sai na haɗu da ɗalibin da ya zo da ita, daga Fagge, daga Hotoro, daga Rijiyar Zaki, kowa da ita a baki kamar karatun allo.

Aikatau a Turanci aikau yake bi, wato wanda ake magana a kansa, ko yana kusa ko yana nesa. Maƙwabtaka ba ta ba suna ikon juya aikatau. Ɗauki wannan: At Yankaba, the price of tomatoes ___ risen. Me ya tashi, tumatir ko farashi? Farashi. To amsa has ce. Mai bin dabarar malaminku zai hango tomatoes da s ɗinta ya danna have, ya wuce yana murna. Abin da ke ba ni takaici shi ne ke kanki ba kya yin wannan kuskuren da Hausa. Kina cewa "motar alhazai ta iso". Ba ki taɓa cewa "motar alhazai sun iso" ba, ko da yake alhazai ne a kusa kuma suna da yawa, domin kunnenki ya san motar ake nufi. Wannan sanin da kika tashi da shi tun kina goye, shi aka ce ki ajiye ki ɗauki haddar da ba ta da tushe.

Dalilin da dabarar ke ruɗin mutane shi ne tana ci a jimloli masu sauƙi. The boys are here, The girl is here: aikau na manne da aikatau, ko da ido rufe za a dace. Yaro ya gwada sau biyar ya ga ta yi, shi ke nan ya sallama. Su kuwa masu tsara tambayoyin JAMB da WAEC da NECO ba irin waɗannan suke kawowa ba. Da gangan suke cusa wani suna tsakanin aikau da aikatau, su sa shi ya saɓa wa aikau ɗin a adadi, don su ga wa zai taka. Wato daidai inda aka haƙa ramin, nan dabarar ke nuna miki ki sa ƙafa.

Asalinta ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa take da wuyar kashewa. Akwai ƙa'idar kusanci a nahawun Turanci, amma gidanta ƙarami ne: inda aka haɗa aikau biyu da or, ko either da or, ko neither da nor, ko not only da but also. A nan kam na kusa ke da iko. Neither the principal nor the teachers were there. In aka juya su, Neither the teachers nor the principal was there. Iyakarta ke nan. Wani ya tsinci wannan guntuwar ƙa'ida a ɗan littafin taƙaitawa, ya shimfiɗa ta a kan kowace jimla, ya hau karɓar kuɗin iyayen yara. Bambancinsa da mai maganin da ke yawo da lasifika a bakin kasuwa, kwalba ɗaya ta basir da shawara da ciwon baya, kaɗan ne. Kuma in magani bai yi ba, laifin mara lafiya ne, ko na na'ura.

Inda ta fi yi wa ɗalibanmu ɓarna shi ne wajen as well as, together with, along with da in addition to. A nan ma harshenmu yana da ɗan hannu, dole a faɗa. Mu "da" ɗaya gare mu: Audu da ƙannensa sun zo, ko tare suka zo ko bi da bi, "sun" za mu ce. Turanci ya raba. And ce kaɗai ke tara biyu su zama jam'i. Sauran rakiya kawai suke nunawa, ɗan rakiya kuwa ba ya shiga lissafi. The governor, together with his commissioners, is attending the ceremony. Gwamna ake magana, kwamishinoni biyo shi suka yi. Ɗalibin da ya fassara a zuci zai ce are, wanda ya duba na kusa shi ma are, hanya biyu duk sun kai shi rami ɗaya. Haka One of my sisters lives in Fagge, da Each of the candidates has a slip: ɗaya ake nufi, komai yawan waɗanda aka ciro shi daga cikinsu.

Ga kuma tagwayen da ba sa rabuwa da takardun jarrabawa. A number of candidates were late, amma The number of candidates is rising. Ta farko "da yawa" take nufi, ta biyu adadin kansa. Mai dabara zai ci ta farko bisa sa'a, ya faɗi ta biyu, ya kasa gane me ya bambanta su.

Abin da za ki riƙa yi shi ne tuɓe jimla. Duk abin da ya fara da of, in, at, with bayan sunan farko, da duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, ki ɗauke shi a zuci ki karanta saura. The price has risen. The governor is attending. Sai ki tambayi kanki wa ko me ake magana. Kada ki ce babu lokaci. Tambayoyi 180 ne a awa 2, 60 daga ciki na Turanci, kusan daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya, tuɓe jimla kuwa in hannu ya faɗa ba ya cin rabin haka.

Sauran sai hadda, ba makawa, amma ba su da yawa. News, mathematics da measles tilo ne duk da s ɗinsu. Police, cattle da people jam'i ne ba tare da ita ba. Furniture, luggage, equipment da information ba a ƙirga su, is suke ɗauka. Kuɗi da nisa da lokaci in dunƙule aka ambace su tilo ne: Ten thousand naira is not enough. Irin su committee da team suna karɓar duka biyun a Turancin Ingila, don haka ki nemi its ko their a cikin jimlar, su za su nuna miki wanda ake so.

Kada kuma tsoro ya tura ki wajen masu tallan "expo" a WhatsApp. Wanda ya sayar miki da dabarar bogi da wanda zai sayar miki da amsar bogi, kasuwarsu ɗaya, tsoron yara da aljihun iyaye. Ku ma iyaye, ku riƙa buɗe littafin yaranku kuna ganin abin da ake rubuta musu, ko ku sa wani ya duba muku. Biyan kuɗi kaɗai bai sauke nauyi ba. Malamai kuma mu ji tsoron Allah, wanda bai tabbatar da ƙa'ida ba ya koma ya karanta kafin ya tsaya gaban allo, don kuskure ɗaya a aji mai yara hamsin ya zama hamsin, kuma zai bi su har cikin rubutun insha'i na WAEC, inda kowane irin wannan kuskure ke zaftare maki.

Ki samo tambayoyin shekarun baya, ki ware na concord kaɗai, ki yi goma kullum bayan sallar asuba, kina ja wa aikau layi kafin ki kalli zaɓin. Malaminku kuma kada ki yi masa gardama a gaban aji. Ki same shi gefe cikin ladabi, ki rubuta masa The list of successful candidates ___ been pasted, ki roƙe shi ya cike da dabararsa. Za ta ba shi have. Amsar has ce.