Kun Tambaya, Mun Amsa: Aikin Sa Kai Don Gyara Muhallin Gari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara mu matasa kusan talatin muka haɗa kuɗi muka sayi dashen itatuwa ɗari biyu, muka dasa su a gefen babban titi da harabar makarantu biyu. Ranar an yi taro, an ɗauki hotuna, kowa ya sa mana albarka. Da muka zagaya bayan rani, waɗanda suka rayu ba su kai ashirin ba. Gwiwar abokaina ta yi sanyi, wasu ma sun daina zuwa taro. Shin mu sake gwadawa ne, ko mu haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku sake, amma kada ku sake ta hanyar da kuka bi bara. Tun kafin na ce komai, ina so ka san cewa zagayawar da kuka yi kuka ƙirga abin da ya rayu ita ce ta fi burge ni a wasiƙarka, domin ƙungiyoyi da yawa suna sanar da adadin da suka dasa, ba sa komawa su ga abin da ya biyo baya.

Dasa itace aikin yini ɗaya ne, renonsa kuwa aikin shekara biyu zuwa uku ne, kuma a nan ne akasarin irin wannan yunƙuri ke faɗuwa. Itacen da aka ciro daga gandun reno ya saba da inuwa da ban-ruwa kullum, saiwarsa kuma tana dunƙule a cikin 'yar ƙasar da ba ta fi cikin kofi ba. Idan aka kai shi bakin titi, inda ƙasa ta taurare, rana tana dukansa, dabbobi suna gaigayar tohonsa, to sai wani ya tsaya masa har saiwarsa ta nutse ta kai ga danshi. Tambayar da ya kamata ku yi wa kanku ita ce: a ranar da kuka watse, wane ne ya san cewa itace na goma sha bakwai nasa ne, kuma shi za a tambaya idan ya bushe? Idan amsar ita ce “dukanmu”, to babu kowa ke nan.

Marigayiya Wangari Maathai ta ƙasar Kenya ta fahimci wannan da wuri. Ƙungiyarta ta Green Belt Movement ta fara ne da itatuwa bakwai kacal da aka dasa a birnin Nairobi ranar 5 ga Yuni, 1977, wato Ranar Muhalli ta Duniya. Abin da ya sa aikin ya ɗore har aka dasa itatuwa fiye da miliyan 50 shi ne, matan karkara ne ke renon dashen da kansu, kuma ɗan ihsanin da ake ba su yana rataye ne da itacen da ya rayu. A 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Don haka shawarata ita ce bana ku dasa arba'in maimakon ɗari biyu, kuma kafin ku haƙa rami ko ɗaya, ku nemi mutumin da zai karɓi kowane itace: mai shagon da zai sha inuwarsa, maigidan da itacen ke ƙofar gidansa, ko wani aji a makaranta tare da malaminsu. Ku rubuta suna a littafi. Inda ba a sami mai karɓa ba, kada a dasa. Ku jira damina ta kankama, ku zaɓi irin itacen da kuka ga ya riga ya girma a yankinku ba tare da an wahala da shi ba, ku kuma ɗaga kai ku duba wayoyin lantarki, ku nisanci katanga da bututun ruwa. Ramin ya ninka faɗin ƙasar da ke jikin saiwar, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, kuma kada a binne wuyan itacen fiye da yadda yake a gandun reno. Na sha tono dashen da ya bushe na tarar da saiwarsa a nannaɗe cikin leda kamar ranar da aka saye shi, abin da ke sosa mini rai ƙwarai, domin ganganci ne na minti ɗaya ya kashe shi. Bayan nan sai a kewaye shi da shinge mai ƙarfi, a baza busasshiyar ciyawa a gindinsa ba tare da ta taɓa jikinsa ba, sannan da rani a riƙa ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ruwa mai yawa kuwa yana janta ƙasa.

Waɗannan da suka rayu bara kuma, su ne jarinku. Ku fara kai abokan da suka yi sanyi wurinsu, su ga tsawon da suka yi.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, kuma ina cikin wata ƙungiyar mata da ke share unguwa da yashe magudanan ruwa sau ɗaya a wata. Damuwarmu ita ce, ba a yin mako guda sai shara ta dawo kamar ba a taɓa sharewa ba. Sannan abin da muka tara ba mu da inda za mu kai shi, sai mu cinna masa wuta. Ina mafita?

Amsa: Malama, Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da wutar, domin ita ce mai gaggawa: ku daina. Leda da roba idan suna ci a fili ba sa ƙonewa sarai, suna fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da guba, har da sinadarin dayoksin wanda ke sauka a ƙasa ya shiga jikin dabbobi da mutane ya daɗe bai fita ba. Masu asma, tsofaffi da ƙananan yara su ne suka fi cutuwa, ga ku kuma da kuke tsaye a kan wutar kuna shaƙa. Kun kawar da ƙazanta daga ido kun tura ta cikin huhu.

Game da dawowar shara, mutane ba sa zubar da ita a kwata don mugunta kawai. Galibi babu wani wurin da ya fi kusa ne. Saboda haka shara ba za ta daina dawowa ba sai an san inda za ta tafi. Kafin ranar aikinku ta gaba, ku rubuta wa hukumar da ke kula da tsaftar garinku takarda, ku sanar da ita rana da wuri, ku nemi motar kwasar shara da babban kwandon da za a ajiye a unguwar. Ku riƙe kwafin takardar, ku kuma koma ku tunatar, ko da sau biyar ne.

Sai kuma rage abin da ake zubarwa tun daga gida. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa duniya na tara shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma kashi 44 cikin ɗari na wannan sharar ragowar abinci ne da ganyaye. Wannan kaso ba ya buƙatar mota. Idan aka tara shi a rami ko a wani lungu mai inuwa, ana jera ɗanye da busasshe bi da bi, ana yayyafa ruwa daidai yadda zai yi danshi kamar tsumman da aka matse, ana juyawa duk mako ɗaya ko biyu, cikin wata biyu zuwa uku a yanayin zafi zai zama baƙin taki marar wari. Robobin ruwa, gwangwanaye da ƙarafa kuma suna da masu saye. Abin da zai rage bayan wannan ba shi da yawa. Akwai wani ƙaramin gari a Japan mai suna Kamikatsu, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, wanda a 2003 ya ƙuduri aniyar rabuwa da ƙona shara. Yau mazaunansa ne ke kai shararsu cibiya da kansu suna rarraba ta gida fiye da 40, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari ana sake amfani da ita. Ban ce ku kwaikwayi gida fiye da 40 ba. Gida uku ya isa a fara: mai ruɓewa, mai sayuwa, da sauran.

Yasar magudana da kuke yi kuwa kada ku raina ta. Toshewar magudanai da leda a lokacin ambaliya na daga cikin abin da ya sa Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002, Ruwanda ta yi nata haramcin a 2008, Kenya kuma a 2017. Sai dai ina roƙonku, kowa ta sa safar hannu mai kauri da dogon takalmin roba, a yi amfani da shebur da manjagara, kuma kada a bar ɗalibai su taɓa allura, fasasshiyar kwalba ko tsohon batir. Taɓon da aka kwaso kuma a ɗauke shi da baro da zarar ya tsane, domin idan aka bar shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne, kuma ina ganin wannan duk aikin hukuma ne, tunda tana karɓar haraji. Idan jama'a suka ɗauke mata nauyi, ba sangarta ta za a yi ba?

Amsa: Baba, maganarka tana kan hanya, kuma ba zan yi musu da ita ba. Samar da juji mai tsari, motocin kwasa, gina magudanai da hukunta masu saɓa doka nauyi ne na hukuma, babu wata ƙungiyar sa kai da za ta iya ɗaukarsa, bai ma kamata ta gwada ba. Amma abin da na lura da shi shi ne, ƙorafin mutumin da ya fito da shebur ya fi shiga kunne. A Estoniya, ranar 3 ga Mayu, 2008, mutane kimanin 50,000 suka fito suka kwashe shara kusan tan 10,000 cikin sa'o'i biyar, kuma kafin ranar sai da suka yi taswirar wuraren da ake jibge shara ba bisa ƙa'ida ba, ta yadda babu mai iya cewa bai san da su ba. A Indiya, wani lauya mai suna Afroz Shah ya fara share gaɓar tekun Versova a birnin Mumbai a 2015 tare da wani maƙwabcinsa ɗan shekara 84, duk ƙarshen mako ba fashi, har jama'a da ma'aikatan birnin suka shigo da motocinsu. A 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wannan gaɓa.

Akwai kuma gurbin da ya dace da kai, Baba, wanda ba ya buƙatar ɗaukar baro. Matasa suna da ƙarfi, amma sau da yawa a ƙofar ofis ake tsayar da su. Idan sun rubuta takardar neman mota ko kwandon shara, ka sa hannu a kai, ka raka su ranar da za su miƙa ta, ka kuma tambayi jami'in sunansa da ranar da za a dawo a ji amsa.